Motar da Ta Ƙi Juyawa

Yendi, 5 ga Shawwal

Zuwa ga Yaya Abibata, a Salaga.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan an yi sallah lafiya, ina gaida yara, Sadiqa da Idirisu. Yaya shirin tafiya Makka? Allah ya kai ki lafiya, ya dawo mana da ke lafiya.

Na san za ki ce me ya kai Zakiya rubuta takarda alhali ga waya a hannunta. To, ke kika jawo. Duk ranar da na ambaci sunan Yaya Mukaila sai ki kashe mini waya a kunne, daga baya ki ce layi ne ya yanke. Shi ya sa na ba direban motar Salaga wannan, na ce masa hannu da hannu.

Yaya, na ga abin da ya tayar mini da hankali. Ranar Talata na je Bawku sunan jikar Hajiya Salimatu, na ce bari in biya in duba ɗan'uwanmu. Na je shagon hatsin da yake yi wa awo, aka ce ai in rana ta yi ba ya zama, in neme shi wurin Shakira. Na ce wace Shakira kuma? Ashe wata mata ce mai gyaran waya a bayan kasuwar shanu, ta ware ɗaki guda ta kafa manyan talabijin biyu, mutane na zuwa suna wasan tseren mota. Ba irin na cikin waya ba fa. Kujera ce sosai, ga sitiyari, ga birki da totur a ƙasa, motar ce kawai a cikin talabijin.

Na leƙa. Innalillahi! Yaya Mukaila ne zaune a kujerar nan, mutum mai shekara hamsin da uku, furfura har gemu, ya damƙe sitiyari da hannu biyu, gumi na zubo masa. Mutumin da shekara shida ke nan ko gaban mota ba ya yarda ya zauna, tun ranar da lorinsa ta faɗi a bayan Bimbilla da mijinki Malam Alidu a ciki, Allah ya ji ƙansa. Sau biyu na yi sallama bai ji ni ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro, ba tseren yake yi ba. Kwanar hanya ɗaya ce tak yake ta shiga. Ya taho, ya juya sitiyari, motar ta miƙe ɗoɗar ta daki shinge. Ya danna wani abu, ya koma baya, ya sake tahowa, ta sake dukan shingen. Ina tsaye na ƙirga sau goma sha ɗaya. Kowane karo sai ya ɗauki fensir ya rubuta wani abu a ɗan littafi. Shakira ta ja ni gefe ta ce kwanansa ashirin ke nan a haka, har cikin azumi. Ta ce kowa na zuwa yana gyara motarsa don ta juya, shi kuwa da gangan yake ɓata tasa don ta ƙi.

Da ya gan ni ko kunya bai ji ba. Ya ce, "Zakiya, kin gani? Dubi hannuna. Na juya, ta ƙi." Maganar da ya yi ta nanatawa ke nan a gadon asibiti, ba wanda ya saurare shi.

Ni dai ina tsoron kansa ya taɓu. Ga ki kina bin gidaje kina neman gafarar mutane kafin ki tafi, an ce har matar da kuka yi faɗa a kan rumfa kin je wurinta. Ɗan'uwanki uwa ɗaya uba ɗaya fa? Ki yafe masa, Yaya, ko Allah zai sa ya dawo hayyacinsa.

Ki huta lafiya.
Ƙanwarki, Zakiya.

*

Salaga, 9 ga Shawwal

Zakiya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara na amsawa. Shiri sai godiya, an ce ƙarshen Zulƙida jirginmu zai tashi daga Tamale.

Takardarki ta iso ina tsakiyar kasuwa, na karanta a tsaye, saura kaɗan in faɗa kan tulin doya. Wasa? Wasan mota? Mukaila? Wato ni ina nan shekara shida ina kwana ina tashi da abin da ya yi mini, shi yana can ya samu kujera yana faɗa da mota yana tashi, yana faɗa da mota yana tashi. A cikin talabijin ana danna abu a koma baya. Ni wane abu zan danna Alidu ya dawo?

Kin ce kansa ya taɓu. Kansa ƙalau, rashin kunya ce. Tun muna yara haka yake, in ya fasa abu sai ya zauna yana yi wa abin bayani har a gaji a ƙyale shi.

Abin da na faɗa a gaban jama'a ranar addu'ar bakwai ban janye ba. Ko gyangyaɗi ya yi, ko gudu yake yi. Mota ba jaki ba ce da za ta yi gardama, inda aka juya ta nan take bi. Kwanar nan motoci nawa ke bin ta kullum, ba su faɗi ba sai tasa? Idirisu yana shekara ashirin da biyu ya wanke gawar ubansa da hannunsa. Sadiqa aka ɗaura mata aure babu uba. Su ma ba sa son jin sunansa, kuma ba ni na hana su ba.

Batun neman gafara kuma, ki iya bakinki. Waɗanda na yi wa laifi nake bi. Wanda ya yi mini, shi zai biyo ni. Na rantse ba zan ƙara jin muryarsa ba, rantsuwata tana nan. In yana da magana ya rubuta, zan karanta ko ba zan karanta ba, wannan ruwana ne.

Na ba direban buhun gari ɗaya da doya goma, ki karɓa. Ki gaida maigidan.

Yayarki, Abibata.

*

Bawku, 16 ga Shawwal

Zuwa ga Yayata Abibata, ta hannun Zakiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ki gaisuwar ƙane ga yayarsa. Ina gaida Idirisu da Sadiqa, ko da ba za a isar musu ba. Na ji labarin tafiyarki, Allah ya karɓa.

Zakiya ta ce kin ba da izinin rubutu. Zan yi tsawo, ki yi haƙuri. Ban iya gajeruwar magana ba, kin sani.

Tsakiyar azumi na kai wayata gyara wurin Shakira. Ina zaune a benci ina jira, sai na ji wani a ɗakin ciki ya daka tsawa: "Wallahi na juya! Ta ƙi juyawa!" Yaya, ban san lokacin da na miƙe ba. Shekara shida ban taɓa jin wannan magana daga bakin kowa ba sai nawa. Na shiga na tarar da Ayyub, malamin dabbobi na kasuwar shanu, magidanci ne mai iyali, yana zagin talabijin.

Na ce masa, malam, me ya sa ta ƙi? Ya yi dariya ya ce, "Baba, ciwon motar ke nan, andastiya ake ce masa. Ka juya sitiyari, tayoyin gaba su juya, amma su kasa kama ƙasa, sai motar ta yi ta tafiya inda hancinta ya dosa." Na ce, wato yana da suna? Ya ce yana da suna, yana da magani. Na nemi wuri na zauna.

Ya buɗe wani shafi a cikin wasan. Duk abin da fita, wato makanike, ke taɓawa a gareji yana nan a jere: iskar taya, taurin sifirin, shokozoba, tsayin mota gaba da baya, rabon birki, da wata sanda da ke haɗa ƙafafun gaba biyu don kada mota ta kwanta a kwana. Har da nauyin da ake ɗora wa motar, kana iya tura shi gaba ko baya. Ya ce doka ɗaya ce, abu ɗaya za ka canja, ka je ka gwada, ka dawo. In ka taɓa uku a tare ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Na ce ai haka maigidana ya koya mini a garejin Tamale, ya ce to Baba kai ɗan gida ne.

A gabana ya rage iskar tayoyin gaba kaɗan. Ta ɗan ji magana. Ya sassauta sandar gaba mataki biyu, ta ƙara ji. Ya sauke hancin motar ƙasa kaɗan, ya mayar da ɗan birki baya. A karo na biyar ta shiga kwanar ta fita sumul. Yana ta murna. Ni kuwa abin da ke raina daban: in ana iya gyara ta ta juya, ana iya ɓata ta ta ƙi. In na ɓata ta ta hanya ɗaya bayan ɗaya, zan iso kan hanyar da tawa ta ɓaci.

Ki gane, sitiyarin nan ba abin wasan yara ba ne. Yana da nauyi, yana ja da hannunka, yana karkarwa in taya ta hau tsakuwa. Ni kuma abin da ya faru ranar nan ban riƙe shi da kai ba, kaina ya bugu. Da hannu na riƙe shi. Na zaɓi wata kwanar hagu mai gangara, irin ta bayan Bimbilla, na ce zan yi ta shiga har hannuna ya ce ga shi.

Na fara da abin da kika ce. Na shiga da gudu fiye da kima. Motar ta fita waje, amma sitiyari ya yi nauyi, tayoyi suna kuka. Ba haka na ji ba. Na gwada na mai gyangyaɗi, na makara wajen juyawa. Ta juya, sai dai wuri ya ƙure mata. Ba shi ba ne. Na banka wa tayoyin gaba iska, na ƙara taurin sifirin, na sa tsofaffin tayoyi, na sa ruwan sama. Kowanne da irin nasa, duk na rubuta. Ranar da Zakiya ta same ni, a nan nake, kuma na fara tunanin ko ke ce mai gaskiya.

Kwana uku bayan tafiyarta na kai ga nauyi. Na tura shi can ƙarshen baya, na dankwafar da bayan motar, hancinta ya ɗaga. Na taho a hankali, gudun da na san ina yi ranar. Na juya.

Yaya, sitiyarin ya zama fanko. Babu nauyi, babu kukan taya, kamar an zare shi daga jikin motar an bar ni ina juya faifai. Motar ta miƙe shiru har shinge. Hannuna ya gane shi kafin kaina. Shakira ta ce ihu na yi, na kira sunan Alidu, ni ban ji ba. Ita ta yayyafa mini ruwa.

Na san wasa wasa ne, lori kuma lori ce. Don haka na ɗauki littafina na je wurin wani tsohon fita a tashar manyan motoci, na tambaye shi ba tare da na ba shi labari ba. Ya ce in kaya suka wuce tayoyin baya suka rataya a waje, gaban lori na yin sauƙi, a miƙaƙƙiyar hanya ba za ka damu ba, sai ka zo kwana mai gangara. Ya ce ya binne abokai biyu a kan haka.

To ga inda kaina ya ɗaure. Ni na tsaya a kan lodin nan. Doyarki ƙwarya goma sha biyu, wato dubu da ɗari biyu, manya a jikin kai, ƙanana a baya, na bar kamu biyu kafin ƙofar baya, na rufe ƙofar da hannuna. Duk tashar Salaga an san ba a yi wa motata wutsiya, wato a sauke ƙofar baya a shimfiɗa katako a ƙara kaya a kai. Daga nan Alidu ya ja ni cin abinci, muka yi azahar, muka dawo an ja tamfol an ɗaure, muka tashi.

Wani ya yi mini wutsiya a cikin awa ɗayan nan. Ba a ɗaga doya ɗaya a tashar sai da sanin Mahamudu sarkin lodi. Ranar Juma'a ta sama zan zo Salaga, in tsayar da shi a gaban 'yan ƙungiyar direbobi, ya faɗi kayan wa ya ɗora mini. Ba gidanki zan zo ba, kada ki damu. Ina so dai kafin ki hau jirgi ki san ban yi barci da mijinki a gefena ba.

Allah ya bar zumunci.
Ƙanenki, Mukaila.

*

Salaga, 19 ga Shawwal

Zakiya,

Sallama da gaisuwa. Ki yi haƙuri da rubutun, ina jin zazzaɓi ne.

Na karanta. Ki hana shi zuwa. Ki kira shi yau ɗin nan, ki ce na ce kada ya zo. Mahamudu ya tsufa, hawan jini gare shi, ido ɗaya ya tafi. A tsayar da shi a gaban 'yan tasha a ce ya kashe mutum, ai faɗuwa zai yi. Kuma ma wa ke kafa shari'a da talabijin? Mutane dariya za su yi mana.

Wutsiya kuma ai kowa na yi. Tun zamanin Baba ake yi. Motoci nawa suka tashi daga nan da wutsiya suka isa Bawku, har Kumasi, lafiya lau?

Amma ki tambayar mini shi wani abu, kada ki ce ni na ce. Ki ce ke ce kike son sani. A ce ƙwarya uku ce kawai da buhun gari huɗu. Uku fa, ba biyar ba. Wannan kaɗai zai iya ɗaga gaban lori? Ya tambayi fitan nan nasa. Ki ba ni amsa da motar gobe, kada ki kira, Sadiqa tana gidan kwanakin nan.

Abibata.

*

Yendi, 20 ga Shawwal

Yaya Abibata,

Wa alaikumus salam. Ban san ta inda zan gaishe ki ba yau.

Wa ya ce uku?

Na karanta takardar Yaya Mukaila kafin in aiko miki, ki yafe mini, ba a liƙe take ba. Sau biyu na karanta. Bai ce uku ba, bai ce biyar ba, bai ambaci gari ba. Shi kansa bai san ko nawa ba ne. Doyar ta watse a daji, mutanen ƙauye suka kwashe, ba wanda ya ƙirga. Ke a ina kika samu uku da buhu huɗu?

Ina kan keken ɗinki takardarki ta same ni. Na sauka na zauna a ƙasa dirshan, mai kayan tana tsaye tana tambayata ko mutuwa aka yi. La haula wala ƙuwwata illa billah. Yaya! Ni da na riƙe ki ranar addu'ar bakwai kina nuna shi da yatsa, ƙafarsa a ɗaure, yana kallon ƙasa. Ni ma a raina na ce gyangyaɗi ya yi. Dukanmu muka ce.

Ba zan tambaye shi komai ba, ba kuma zan hana shi zuwa ba. Ban taɓa ƙin aikenki ba tun da Mma ta rasu kika riƙe mu, amma wannan na ƙi. Saura kwana shida Juma'ar. In kin yi shiru, tsoho mai ido ɗaya zai tsaya inda Yaya Mukaila ya tsaya shekara shida. Motar Bawku tana tashi daga Tamale kowace safiya, direban Salaga ya san wanda zai miƙa wa.

Ina yi miki addu'a, wallahi ina yi.
Zakiya.

*

Salaga, 22 ga Shawwal

Zuwa ga ƙanena Mukaila.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka. Yaya ƙafar? Shekara shida ban tambaya ba.

Kada ka zo wa Mahamudu. Ranar ba ya tashar ma, ya tafi Makango jana'iza. Ni ce.

Ka tuna da safe na ce ka ƙara mini ƙwarya uku, ka ce a'a, mota ta cika. Na ce ai na ga wuri a baya. Ka ce wurin na mota ne, ba na doya ba. A gaban mata 'yan'uwana 'yan kasuwa ka faɗa, suka yi dariya, suka ce Abibata ƙanenki ya fi ƙarfinki. Abin ya ci mini rai. Doyar irin laribako ce, mai saurin lalacewa, ta fara taushi, wata motar kuma sai bayan kwana huɗu. Na ce a raina, yaron da na goya ne zai nuna mini doka a kan motar da na sa baki aka ba shi?

Ni na ce wa Alidu ya ja ka cin abinci, na ce ya kai ka wurin mai tuwon nan ta nesa, wai nata ya fi daɗi. Bai san dalili ba, Allah shaida. Kuna juya baya na kira masu lodi biyu, baƙi ne 'yan ci-rani, ko sunansu ban sani ba. Muka sauke ƙofa, muka shimfiɗa katako huɗu, muka ɗora ƙwarya uku. Da na ga wuri ya ragu na ƙara buhun gari huɗu. Ni na ce a ja tamfol har ƙasa. Da kuka dawo na tare ku ta gaba da goro da surutu, na ce rana na yi, ku hau. Har na yi wa matan ido, muka yi dariya bayan kun tashi.

Ka yarda da ni ko kada ka yarda, ban taɓa haɗa wannan da wancan ba. Ko kuwa in ce, sau ɗaya abin ya zo mini, ranar da aka kawo gawar, na kore shi. Na ce kowa na yin wutsiya. Na ce mota ba ta faɗuwa don doya. Da ka yi ta cewa ka juya ta ƙi, haushinka na ƙara ji, yanzu na gane dalili. Na fi kowa ɗaga murya don kada in ji ka.

Da na karanta inda ka ce sitiyari ya zama fanko, na ajiye takardar na shiga bayan gida na yi amai. Akwatin Makka yana nan a buɗe, fararen kaya a ciki, ina kallonsa. Na zagaye Salaga kaf ina cewa a yafe mini ƙananan abubuwa, ina jin kaina wata baiwar Allah.

Na raba ka da sana'arka. Na raba ka da garinmu. Na sa 'ya'yana sun tsani kawunsu. Mijina kuma, ban iya rubuta wannan ba tukuna.

Ban ce ka yafe ba, ban da bakin. Na dai faɗa maka. Rantsuwar da na yi zan yi kaffararta, in ka ga dama ka kira ni, ko zagi ne zan saurara. Abin da ya rage in faɗa wa Idirisu da Sadiqa, kuma tsoro nake ji kamar in mutu.

Yayarka, in har yanzu ka yarda da sunan,
Abibata.

*

Bawku, 25 ga Shawwal

Yaya,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ƙafa da sauƙi, sai lokacin damina.

Na karanta a shagon hatsi. Na auna wa wata mata masara, ta ce dawa ta ce. Maigidan shagon ya ce in tafi gida. Duk mutanen Salaga na jera a raina ina zargi, har Alidu, Allah ya yafe mini. Ke kaɗai ban sa a layin ba. Yini biyu ina fushi irin wanda ban taɓa yi ba, na rubuta miki takarda uku na yaga. Ba zan ɓoye miki ba, har yanzu bai gama sauka ba.

Amma akwai nawa. Direba ba ya tashi sai ya zagaya motarsa, ya taɓa igiya, ya leƙa baya. Shekara ashirin da shida ban taɓa fashi ba, kayan kowane ne. Ranar na ce kayan gida ne, Yaya ce a kai, zagayawa ma raini ne. Kuma tun kafin mu wuce Kpembe na ji sitiyari ya yi sauƙi. Na ji daɗinsa ma. Na ce wa Alidu fita ya yi aiki mai kyau wannan karon. Da na tsaya minti biyu, da yanzu yana nan yana raka ki Tamale.

Jiya na koma wurin Shakira. Na mayar da nauyin tsakiya, na daidaita tsayin motar, na sassauta gaba yadda Ayyub ya nuna mini. Na taho, na juya, ta juya. Wata guda da rabi ina kan kwanar nan ban taɓa ganin abin da ke bayanta ba. Hanya ce kawai da itatuwa. Na yi ta tafiya har Shakira ta ce akwai masu jira, na tashi na ba su wuri. Ba na jin zan koma.

Na fasa zuwa. Ga roƙona guda, ki ji shi da kyau. Kada ki faɗa wa yaran. Sun rasa uba, sun rasa kawu, sun saba da hakan. In kika faɗa za su rasa uwa, ba kuma za su samu uban ba. Ni na riga na saba da kayan, bar mini su. Ya ishe ni ke kin sani, Zakiya ta sani. Ki rufe akwatinki ki tafi, in kin tsaya a Arfa ki sa ni da Alidu a addu'a. Yafiya kuma ina kan hanya, ki ba ni lokaci.

Allah ya kai ki lafiya.
Ƙanenki, Mukaila.

*

Salaga, 27 ga Shawwal

Mukaila,

Sallama. Takardarka ta iso da la'asar. Na riga na faɗa musu tun da hantsi.

Sadiqa ta goya ɗanta ta koma gidan mijinta. Idirisu kuwa ya tambaye ni a wace unguwa kake a Bawku. Ban sani ba, sai da ya kira Zakiya. Ya shiga motar Tamale ko jaka bai ɗauka ba.

Gobe zai iso. Ka buɗe masa.

Abibata.